Kyamarar Gaban Mota: Shaida Ce Ga Alƙali, Ko Tonon Asiri A Kasuwa?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Gusau, ta ratsa Bunguɗu da Maru, ta bi ta Talatar Mafara da Lambar Bakura, ta nufi Tureta har Sakkwato, ya san irin abin da direba ke haɗuwa da shi tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Ga ramuka, ga manyan motoci masu cin hanya, ga shingayen bincike, ga kuma fargabar 'yan bindiga. A 'yan shekarun nan an fara ganin wata 'yar na'ura, wadda girmanta bai fi na akwatin ashana biyu ba, manne a jikin gilashin gaba na wasu motoci. Ita ce ake kira kyamarar gaban mota. Ba ta yawaita ba tukuna a wannan yanki, amma wayar hannu ta riga ta ɗauke mata aiki, domin da wuya a yi wani tsautsayi a kan titi ba a sami wanda ya ɗaga waya yana ɗauka ba.

Yadda take aiki kuwa shi ne, da zarar an tayar da mota sai ta kama ɗaukar duk abin da ke gabanta, tana yanka shi gutsure gutsure na 'yan mintoci, tana zubawa a cikin katin ajiya. Idan katin ya cika sai ta koma ta shafe mafi tsufa ta ɗora sabo a kansa, in ban da gutsuren da aka yi karo a cikinsa, wanda take kullewa da kanta saboda ta ji girgiza. Da yawa daga cikinsu suna buga rana da lokaci a jikin hoton, wasu har da gudun motar da wurin da take. Akwai kuma abin da masu saye ba su cika lura da shi ba, watau yawancinsu suna da kunne kamar yadda suke da ido, suna naɗar maganar da ake yi a cikin motar.

Gardamar da ta taso a ƙasashe da dama, wadda kuma ta iso mana ko mun so ko ba mu so ba, ita ce: shin wanda ya ɗauki irin wannan hoto yana da ikon ya watsa shi a Facebook da WhatsApp da TikTok, tun da dai motarsa ce, na'urarsa ce, kuma a kan titin kowa da kowa ya ɗauka? Mu a namu ganin, an cakuɗa al'amura biyu ne waɗanda ya kamata a raba su. Ɗauka daban, yaɗawa daban, kuma hukuncin ɗaya ba shi ne hukuncin ɗayan ba.

Bari mu fara da ba na'urar haƙƙinta. A ƙasar Rasha direbobi sun rungume ta ne domin su tsira daga masu faɗowa gaban mota da gangan don a biya su diyya, da kuma jami'an hanya masu ƙaga laifi. Saboda yawanta ne ma, lokacin da wani dutse ya faɗo daga sararin sama ya fashe a kan birnin Chelyabinsk ranar 15 ga Fabrairu, 2013, duniya ta ga abin ta gilasan motocin mutane masu tafiya wurin aiki. Mu kuwa ba sai mun je Rasha ba kafin mu san darajar shaida. Dattawan Mafara da Bakura da Maradun ba su manta da abin da ya faru a Bakalori cikin watan Afrilu na 1980 ba, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, wasu masu bincike suka ce mamatan sun kai ɗaruruwa, kuma har yau ba a daidaita ba. Da a ce akwai ido irin wannan a wurin, wanda ba ya tsoro, ba ya mantuwa, ba a kuma saye shi da goro, da gardamar ba ta yi tsawon haka ba. Gani ya kori ji.

Shari'ar Musulunci ba ta ƙi irin wannan hujja ba. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa ta 28, an wanke Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da alama ce kawai, watau rigarsa da aka samu a yage ta baya. Daga nan malamai suka ɗauki asalin aiki da alamomi, waɗanda ake kira ƙarina. Ibn Farhun, babban alƙalin Malikiyya na Madina, ya yi dogon bayani a kansu a cikin Tabsiratul Hukkam, shi kuma Ibnul Ƙayyim ya tafi a kan cewa hujja ita ce duk abin da ya bayyana gaskiya, ba shaidu biyu kaɗai ba. Bugu da ƙari, aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Saboda haka idan kyamararka ta ɗauki yadda wata tirela ta banke mai babur ta gudu, kai kuma ka bari katin ya shafe hoton don gudun wahalar zuwa caji ofis, to, ka tauye haƙƙin marayun da aka bari. Amma fa a lura, yawancin malaman zamani suna karɓar hoto ne a sha'anin dukiya da diyya da ladabtarwa, ba su tsayar da haddi da shi, domin haddi ana kawar da shi da shubuha, hoto kuwa ana iya yanka shi, ana iya ƙara masa, yanzu ma na'urori suna ƙirƙiro wanda bai taɓa faruwa ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar wa kotu abin da kwamfuta da danginta suka fitar, da sharaɗin a kawo takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samo abin, a kuma nuna cewa tana aiki daidai a lokacin. A ƙasar Jamus, inda ake tsananta kare sirrin mutane fiye da yawancin ƙasashe, babbar kotun tarayya ta yanke wani hukunci ranar 15 ga Mayu, 2018, a kan motoci biyu da suka gogi juna wajen shan kwana a birnin Magdeburg. Kotun ta ce barin kyamara tana ɗaukar jama'a ba tsayawa ba tare da wani dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanai, amma duk da haka alƙali yana iya duba hoton domin ya gane mai laifi. Watau Jamusawa sun buɗe wa hoton ƙofar kotu, ba su buɗe masa ƙofar kasuwa ba.

To, a ƙofar kasuwar ne maganarmu take. Mu ɗauka, alal misali, ranar Talata ce, wata mota ta taso daga Maradun cike da masu zuwa cin kasuwar Mafara, taya ta fashe, motar ta ƙwace ta wuntsila. Motar da ke biye da ita tana da kyamara, ta ɗauki komi. Direban ya tsaya, ya taimaka gwargwadon hali, Allah ya saka masa. Da ya isa tasha sai ya kwafe hoton a waya ya nuna wa abokansa, ɗaya ya ce a tura masa, kafin la'asar abin ya shiga zauruka hamsin. A cikin hoton akwai matar aure da zanenta ya kwance, akwai dattijo yana kakarin mutuwa, akwai lambar motar a fili. A can gida kuwa wata tsohuwa tana tankaɗe, jikanta ya shigo da waya a guje, ta ga gawar ɗanta a kwance gefen kwalta tun kafin a aiko da wanda zai zaunar da ita ya yi mata nasiha. Iyayenmu sun san yadda ake kai labarin mutuwa. Ana zaɓen mai hankali, ya fara da cewa jikin ya yi tsanani, ya bari zuciya ta shirya. Yanzu duk wannan ladabi wani yaro yana rushe shi da ɗan yatsa guda, don kawai a ce shi ya fara sawa.

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana da rai, malamai kuma suka fahimci cewa alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa da mutuwarsa. Shi ya sa ake umartar mai wankan gawa ya rufe al'aurarta, ya kuma kame bakinsa daga faɗin aibin da ya gani. Idan mai wanka, wanda larura ta sa shi gani, an hana shi faɗa wa mutum ɗaya, ina ga wanda ya nuna wa dubbai ba tare da wata larura ba?

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ai titi ba ɗakin kowa ba ne, wanda ya fito fili ya yarda a gan shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Hanya ma tana da haƙƙi. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Buhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarje wa sahabbai zama a bakin hanya ne da sharuɗɗa, na farkonsu runtse ido, na biyu kame cuta. Wanda ya fito titi ya yarda masu wucewa su gan shi na ɗan lokaci su wuce, bai yarda a adana fuskarsa a aika da ita Legas da Jidda ana maimaitawa shekara da shekaru ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta jera abubuwa uku ta hana su tare, mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba, kuma hoton da aka watsa yakan tara ukun a wuri ɗaya. Ko jami'in hisba, wanda aikinsa ne hana ɓarna, Imam Mawardi ya bayyana a cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa ba shi da ikon tono abin da aka ɓoye, sai fa inda ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. A cikin Muwaɗɗa kuma an kawo yadda Manzon Allah ya nuna wa Hazzal, wanda ya ƙarfafa wa Ma'izu ya je ya tona kansa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan kusa da wuyan mai turawa. Kyamara tana ganin abin da ke gabanta ne kawai, ba ta san dangantaka ba. Ta ɗauki wani ma'aikaci yana sauke wata mata a bakin hanya da almuru, wani ya ɗora wa hoton kalma biyu ya tura, alhali ƙanwarsa ce ya ɗauko daga asibiti. Idan kalmomin nan sun kai ga jifa da zina, to, an shiga babin ƙazafi, wanda aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanka wa bulala 80 ga wanda bai kawo shaidu huɗu ba. Kada a manta a Jihar Zamfara muke, inda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma wannan hukunci yana cikin kundin laifuffukan jihar. Cewa wai ni turo mini aka yi ba ya wanke kowa, gama aya ta 6 ta Hujurat ta ɗora wa mai karɓar labari nauyin bincike kafin ya cuci wasu cikin jahilci.

Sa'an nan ga halin da yankinmu ke ciki, wanda ya sa wannan magana ta wuce ta mutunci kaɗai ta zama ta rai. A shekarar 2021 ƙananan hukumomin nan uku kowacce ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, cikin Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. A wannan lokaci ne aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka dakatar da kasuwannin mako, 'yan kasuwa suka sha wuyar da ba su manta ba. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne ɓarayin daji suna samun rahoto ta waya daga masu yi musu leƙen asiri. To, mai karatu ya auna. Hoton da ya nuna motar wani falke da lambarta, da ranar da yake bin hanya, da lokacin da yake wucewa, da wurin da jami'an tsaro suke tsayawa da yawansu, mene ne bambancinsa da rahoton ɗan leƙen asiri, in ban da cewa wannan kyauta aka bayar? Su ma mutanen dajin suna da wayoyi, suna kallon abin da muke kallo. Haka nan muryar da na'urar ta naɗa a cikin mota, inda fasinja ya saki jiki yana gaya wa maƙwabcinsa nawa ya sayar da shanu, ko wane ƙauye ne ya ƙi biyan harajin 'yan bindiga. Zama amana ne, kuma direban haya da ya naɗi hirar fasinjojinsa ba da saninsu ba ya ɗauki amanar da ba a ba shi ba.

Ta fuskar dokar ƙasa, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya, sashe na 39 kuma ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, a tsakanin waɗannan biyu ne lauyoyi ke ja-in-ja. Cikin watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Dokar ba ta ambaci kyamarar mota da suna ba, amma fuskar mutum da muryarsa suna cikin abin da ake gane shi da su. Ta keɓe abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai, da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. A ganinmu hoton da aka baza wa duniya ya fita daga wannan keɓewa. Kotun Tarayyar Turai ta bi irin wannan fahimta a Disambar 2014, inda ta ce kyamarar da mutum ya kafa a gidansa, muddin tana kallon titin jama'a, ba harkar gida ba ce zalla. Wannan hukunci bai hau kan alƙalanmu ba, amma lauyoyi sukan leƙa irinsa. Alhazai da masu zuwa Umra kuma su sani, dokar Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kaiwa Riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. A nan gida sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, yana hukunta mai aika saƙon da ya san ƙarya ne don ya tayar da fitina ko ya jefa rai cikin haɗari.

Mun san za a ce mana, to, idan jami'i ne ya tsare direba yana karɓar na goro, ko ya mare shi a gaban fasinjoji, shi ma a rufa masa asiri? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba ya son bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta togace wanda aka zalunta. Malamai sun bambanta tsakanin mai zunubin da ya tsaya a kansa, wanda ake so a suturta, da mai cutar jama'a a fili da ƙarfin muƙami, wanda suturta shi taimakon zalunci ne. Mun kuma ga yadda wani hoton bidiyo daga Ughelli ta Jihar Delta ya tayar da zanga-zangar da ta kai ga rushe rundunar SARS ranar 11 ga Oktoba, 2020, bayan shekaru ana kai ƙara ba a saurara ba. Saboda haka ba mu ce ƙofar a kulle take ba. Abin da muke cewa shi ne rangwamen na wanda aka zalunta ne, a kan wanda ya zalunce shi, gwargwadon zaluncin. Bai haɗa da fuskar matar da ke zaune a gidan baya ba, ko yaron mota, ko mai tallar rake da ya gitta. Kuma kafin a kai ga bainar jama'a akwai shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, akwai manyan jami'in, akwai fadar sarki, akwai kotu. Ma'aikatan gwamnati kuwa, waɗanda da yawansu ke karanta wannan shafi, ribarsu a nan ita ce su riƙa aiki kamar ana ɗaukarsu, su kuma karɓi ƙarar da aka kawo musu a asirce da hannu biyu, domin ƙofar ofis da aka rufe ita ke tura mutane Facebook.

Ga ɗan kasuwar da ya riga ya sayi na'urar, ko yake niyyar saye, ba mu ga laifi ba ya manna ta don kare kansa da dukiyarsa. Sai dai ya shiga cikin saitinta ya kashe naɗar murya, in kuwa motar haya ce ya sanar da fasinjoji. Ya daidaita rana da lokaci, domin hoton da ke ɗauke da kwanan wata na ƙarya lauya zai yi wasa da shi a kotu. Idan tsautsayi ya auku ya zare katin nan take kafin sabon hoto ya hau kansa, ya ajiye na asali bai taɓa shi ba, ya miƙa kwafi ga 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ko alƙali, ya kuma nemi a rubuta cewa an karɓa. Idan dangin mamaci suka nemi gani don neman haƙƙinsu, a ba wa babbansu hannu da hannu, shi ya san wanda zai iya kallo a gidan da wanda ba zai iya ba.